An Tsinci Libarbar Kaka a Kayan Gado: Yadda Ake Bi da Ita da Yadda Ake Sanin Darajarta

Tambayar nan ta yawaita, kuma kusan kullum salonta ɗaya. An yi rasuwa a wani tsohon gida a Bukuru ko Gangare ko Dilimi a yankin Jos, an buɗe adakar marigayi don lissafin gado, sai ga ƙaramar bindiga mai gangar harsasai mai juyawa, wato libarba, naɗe cikin tsumma, wani lokaci har da kubenta na fata da 'yan harsasai da suka yi kore. Tsohon ɗan mazan jiya ne da ya je yaƙin Bama (ƙasar Burma) a yaƙin duniya na biyu, ko kuwa ya yi wa Turawan kuza aiki wani ya bar masa ita da zai koma gida. Daga nan sai a fara: nawa za ta yi, ina ake sayarwa, za mu iya ajiye ta don tunawa da shi?

A Najeriya libarba maganar doka ce tun kafin ta zama maganar kuɗi. Shi ya sa matakan nan suke a jere yadda suke, kuma wanda ya fara daga na takwas ya tsallake na biyu yana iya kwana a bayan kanta.

1. Kada kowa ya taɓa kunama

A ɗauka akwai harsashi a ciki, ko da ta shekara 70 a akwati. Harsashin da aka ajiye a busasshen wuri yakan tashi bayan shekaru masu yawa. A fitar da yara daga ɗakin, a kwantar da ita a kan tabarma bakinta na kallon bango mai kauri, ba ƙofa ko taga ba. Idan ka duba ta gefe, a tsakanin bayan ganga da jikin bindiga, za ka iya hango gindin harsashi mai ruwan tagulla in akwai. Ko ka gani ko ba ka gani ba, bar buɗewa ga jami'in da ke kula da ma'ajiyar makamai na 'yan sanda.

Gargaɗi: harsasan da ke waje a zuba su a kwali daban. Ba a jefa su wuta, ba a jefa su masai ko rijiya, ba a kuma ba yaro ya kai bola. A doka harsashi ma sai da lasisi, don haka za a miƙa su tare da bindigar.

2. San matsayinta a doka

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki irin bindigar toka, lasisinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Kashi na biyu su ne na farauta irin mai baki biyu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar. Kashi na ɗaya su ne haramtattu, kuma a nan libarba da fistol suke, a layi guda da bindigar soja mai sarrafa kanta da gurneti. Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisin wannan kashi. Hukuncin riƙe irinta ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne.

Kuskure uku ake yi a nan. Na farko, mutum ya karanta a intanet cewa bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce ba makami ba. Wannan dokar Amurka ce. Tamu ta ambaci har fistol mai ƙanƙara, irin ta zamanin da, cikin haramtattu, ka ga ke nan tsufa ba ya wanke ta. Na biyu, a ce ai ta lalace, ko a kai wa mai walda ya toshe bakin. Doka ta ƙirga kowane sashe na bindiga a matsayin bindiga, gyara ko sauya ta kuma sai mai izini. An lalata darajarta ke nan, laifin kuma yana nan. Na uku, a ɗauka lasisin marigayi ya zama na magada. Lasisi ba ya shiga gado. Idan marigayi na da lasisi mai rai, doka ta ba wanda kayan ke hannunsa kwana 14 kacal bayan rasuwar. Idan babu lasisi, ko wannan wa'adin ma babu.

3. Hoto da rubutu, a yini ɗaya

Duk ƙiyasin daraja da za a yi nan gaba a kan hotunan nan zai tsaya, domin da zarar bindiga ta shiga ma'ajiya ba kullum za ka riƙa ganinta ba. Kayan aiki: waya mai kyamara mai kyau, farin ƙyalle ko mai ruwan toka, rula, safar hannu ta roba irin ta asibiti, gilashin ƙara girma, tocila, littafi da biro.

A yi hoton a ɗaki kusa da taga da hantsi, a kashe fitilar kyamara don tana ɓoye rubutun da ke jikin ƙarfe. A sa rula a gefe. A ɗauki ɓangaren dama gaba ɗaya, na hagu gaba ɗaya, saman bututu, gindin mariƙi, jikin ganga zagaye, sannan kowane rubutu da kowane ɗan tambari a kusa-kusa. Wanda ya ƙi fitowa a haska shi da tocila daga gefe, inuwa za ta fito da shi. Hoto 15 zuwa 20 ya isa. A kwafi kowace lamba da hannu a littafi, a rubuta inda take a jiki, mutum biyu su karanta don 3 da 8 suna ruɗi a tsohon ƙarfe. A ɗauki kube, igiyar wuya in akwai, da akwatin da aka same ta.

Gargaɗi: hannu tsirara yana barin gishirin gumi, bayan 'yan kwanaki sai ka ga shatin yatsa ya zama tsatsa. Kada kuma hoto ko ɗaya ya hau Facebook ko WhatsApp. Wanda ya saka ya shaida wa hukuma da ɓarayi a lokaci guda cewa akwai bindiga a gidan.

4. Sanar da hukuma, amma ba da ita a aljihu ba

A nemi lauya tukuna. Shi zai rubuta takarda zuwa ga DPO na yankin, kwafi zuwa ofishin Kwamishina a hedikwatar 'yan sanda ta jiha a Jos, ko ta Babban Birnin Tarayya in a Abuja ne. Takardar ta ƙunshi sunan marigayi, ranar rasuwa, ranar da aka ga bindigar da inda aka gan ta, lambarta, adadin harsasai, da roƙon a turo jami'i ya ɗauka. A haɗa da kwafin shaidar rasuwa da tsohon lasisi in ya samu, ko da ya mutu tun zamanin fam da sule. A tabbata an buga tambarin karɓa a kwafin da zai dawo gida.

Kada a saka ta a mota a ce za a kai da kai. Tsakanin Jos da Abuja, ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi, shingayen bincike ba su ƙirguwa, a cikin garin Jos ma haka. Soja a shinge ba zai saurari labarin kaka da yaƙin Bama ba.

Ranar ɗauka a samu shaidu biyu, zai fi kyau da mai unguwa. A karɓi rasit mai ɗauke da ƙira, lamba, adadin harsasai, sunan jami'i da lambarsa ta aiki, da kwanan wata. A cikin takardar lauya a bayyana cewa iyali na neman a ajiye ta a matsayin kayan tarihi har a kammala maganar gidan tarihi, domin makaman da aka miƙa ba bayani suna iya shiga cikin waɗanda ake lalatawa. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa ta taƙaita ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma lalata irin waɗannan makamai na cikin aikinta.

5. Gane ƙirarta

Yanzu hankali ya kwanta, sai a koma kan hotuna. Yawancin tsoffin libarba da ke ƙasar nan ta hannun Ingila suka zo, kuma iri huɗu ne suka fi fitowa.

Webley Mk VI babba ce mai nauyi, ta ɗan haura kilo ɗaya, bututunta inci 6, harsashinta .455, tana cin shida. Sojan Ingila ya karɓe ta a 1915, kamfanin Webley & Scott na Birmingham ne ya ƙera. Daga sama take karyewa: akwai ɗan maɓalli a hagu kusa da babban yatsa, in an danna sai bututu da ganga su sunkuya gaba. Da zobe a gindin mariƙi na ɗaura igiya.

Webley Mk IV mai harsashi .38 ƙanwarta ce a jiki. Waɗanda aka yi lokacin yaƙin duniya na biyu sukan zo da rubutun WAR FINISH a gefe, wato kamfani na ba da haƙuri cewa gaggawar yaƙi ta hana gogewa mai kyau. Kaushin jikinta na asali ne.

Enfield No. 2 ta yi kama da Mk IV ƙwarai har ana rikita su. Masana'antar gwamnati ta Enfield ce ta yi, soja ya karɓe ta a farkon shekarun 1930, bututu inci 5. Mai alamar tauraro bayan Mk I ba ta da ƙahon da ake ja da yatsa a gudumarta. Mutane kan ce ya karye ne, alhali haka aka yi ta. Akwai waɗanda kamfanin motoci na Albion a Sikotilan ya ƙera lokacin yaƙi, kuma da yake sun fi ƙaranci masu tara tsoffin bindigogi na nemansu.

Smith & Wesson ta Amurka da aka ba sojojin Ingila ba ta karyewa, gangarta ke fitowa ta hagu. Lambarta na gindin mariƙi, kuma waɗanda aka yi daga 1942 lambar na farawa da harafin V.

Sai tambura. Ɗan tambari mai kama da kan kibiya ko sawun kaza yana nufin kayan gwamnatin Ingila ne. Kambi da haruffa a ƙarƙashi tambarin gidan gwajin bindiga ne na Birmingham ko Landan. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liège ne a Beljiyam, inda aka yi libarba masu araha da yawa a kan ƙirar wasu. Garin Eibar na Sifen ma ya yi irin wannan kwaikwayo.

Gargaɗi: akwai ƙirar maƙera, ta nan gida da ta kan iyakar Pakistan da Afganistan, masu ɗauke da sunan Webley. Ana gane su da haruffan da ba su hau layi ba, harafi a juye, kuskuren rubutu, da shatin zarto a ƙarfe. Masu tarawa ba sa ba su daraja, amma a gaban alƙali bindiga ce cikakkiya.

6. Auna lafiyarta

A nan kuɗin yake hawa da sauka. Abu huɗu ake dubawa.

Lambobi su dace. A Webley lamba ɗaya ce ake sa ran gani a jiki da bututu da ganga. In ta ganga ta bambanta, an yi mata dashe, daraja ta ragu.

Launin asali. Baƙin-shuɗin da masana'anta ta yi wa ƙarfe shi ne abin da masu tarawa ke biya. Suna ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari ya rage. Wadda ta koɗe a baki da gefen ganga saboda gogar kube, wannan tsufa ne mai kyau. Wadda aka sake wa fenti ko aka goge ta yi ƙyalli, a wurinsu rabin darajarta ko fiye ya tafi. Ana gane ta da rubutun da ya yi laushi da kusurwoyin da suka daina kaifi.

Tsatsa iri biyu ce: ta sama mai kama da ƙura ja, da wadda ta ci rami. Ta biyun ba ta gyaruwa. Bindigar da ta kwana a kuben fata shekaru takan ci rami a gefe guda, domin fata na riƙe danshi.

Mariƙi da kusoshi. Tsaga a mariƙi, mariƙin katako da kafinta ya sassaƙa a madadin na asali, kan kusa da sukudireba ya cinye, duk suna rage farashi.

Cikin bututu da yadda ganga ke tsayawa daidai da shi, jami'in ma'ajiya ne zai duba maka, ka roƙe shi ya faɗa ka rubuta.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a duk jagorar nan: kada a wanke. Ba samfefa, ba soson ƙarfe, ba toka, ba lemun tsami, ba baƙin mai, ba jiƙawa a kananzir. Garin neman gira ake rasa ido: minti goma na gogewa na share abin da shekara 80 suka bari. Gwada harbawa kuma ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Laifi ne, tsohon ƙarfe da harsashin da bai dace ba kuma na iya fashewa a hannu.

7. Tattara tarihinta a takarda

Libarba biyu iri ɗaya, ɗaya da takarda ɗaya babu, ba su zama ɗaya ba. A koma adakar nan a nemi takardar sallama daga soja, littafin albashi, lambobin yabo, hoton marigayi da kaki, wasiƙar Baturen kamfanin kuza, tsohon lasisi mai ɗauke da lambar bindigar. Wannan na ƙarshe shi ne zinariya, don shi ke ɗaure mutum da bindiga. Sojojin Najeriya sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma in takardar sallama ta nuna haka, gidan tarihi zai saurare ku da kunne biyu.

A zauna da dattawan gida a ɗauki muryarsu: wa ya ba shi, a ina, wace shekara. A rubuta a matsayin abin da iyali suka ji. Labarin baka yana da amfani ga tarihi, amma mai ƙiyasi ba ya ƙara ko kwabo a kansa in ba takarda. Ga ƙirar kamfanin Colt na Amurka da ta Smith & Wesson akwai hanyar neman wasiƙa daga ma'ajiyar tarihin kamfanin: a aika lamba, a biya da dala, su faɗi ranar da aka fitar da ita da inda aka aika.

8. Ƙiyasta farashi

Babu kasuwar halal ta tsoffin libarba a Najeriya, saboda haka babu farashin naira na gaskiya. Abin da ake yi shi ne kwatance da gwanjon waje. A shiga shafukan gidajen gwanjo irin Rock Island a Amurka da Holts a Ingila, a nemi sakamakon cinikin da ya riga ya faɗa, ba kuɗin da mai kaya ya sa ba. A samo guda biyar zuwa goma masu ƙira ɗaya, harsashi ɗaya, lafiya kusan ɗaya, na shekara biyu ko uku da suka wuce. A jefar da mafi tsada da mafi araha, a ɗauki tsakiyar saura.

Lura biyu. Farashin da ake bugawa yawanci ya haɗa da la'adar da mai saye ke biyan gidan gwanjo, mai kaya kuma ana cire masa tasa, don haka abin da ke shiga aljihu bai kai abin da ka gani ba. Sannan Webley Mk VI da yawa a Amurka an aske bayan gangarsu don su ci harsashin can, waɗannan sun fi araha, kada a kwatanta su da wadda ba a taɓa ba.

A rage buri. An ƙera waɗannan bindigogin soja dubu ɗaruruwa, kuma Enfield ko Webley ta yau da kullum kuɗinta a gwanjo daga ɗaruruwan dala ne zuwa dubu ɗaya da wani abu. Labarin miliyoyi na irin Colt Walker ne ta 1847, wadda kusan 1,100 kawai aka yi, aka sayar da guda a kan dala miliyan 1.84 a 2018. Ba ita ce ke adakar kaka ba.

Gargaɗi: duk wanda ya ce yana da Bature mai saye, a kawo kuɗin fito ko a kawo bindigar ya gani, cinikin biri a sama ne ko tarko. Sayarwa ga wanda ba shi da lasisi laifi ne, fitar da ita waje sai da lasisi, in kuma ta shiga sahun kayan tarihi sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

9. Inda za ta ƙare

Hanya uku ce. A bar wa hukuma, a riƙe rasit da hotuna. Ko a nemi lasisin Shugaban Ƙasa ta hannun lauya, wanda a gaskiya ba kasafai farar hula ke samu ba, balle da 'yan sanda suka sha dakatar da ba da sabon lasisi har na bindigar farauta. Ko a ba gidan tarihi, wadda a ganinmu ta fi. Gidan Tarihi na Jos, da Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi, haka ma Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia. A rubuta wa shugaban gidan da hotuna da kwafin takardu, in sun amince su da 'yan sanda za su shirya ɗaukowa daga ma'ajiya. A nemi yarjejeniya a rubuce: kyauta ce ko aro, da yadda za a rubuta sunan marigayi.

Wajen rabon gado, a gaya wa malamin da zai raba ko kotu gaskiyar lamari, kada a ɗora wa wani magaji ita a matsayin kasonsa da farashin gwanjon Amurka, alhali ba zai iya riƙewa ko sayarwa ba. Kyauta ga gidan tarihi kuma sai da yardar duk magada, a sa hannu.

Kuɗin da za a kashe: ladan lauya shi ne babba, a yi ciniki tun farko a kan takarda ɗaya da rakiya ɗaya. Sai wankin hotuna, kwafin takardu, rantsuwar kotu in an buƙata, da kuɗin wasiƙar kamfani ga mai so. Duk abin da aka ce a biya a ofis, a nemi rasit.

10. Adana abin da ya rage a gida

Kube, lambobin yabo da takardu su ne za su zauna tare da ku. Kube a cusa masa farar takarda marar rubutu don kada ya lanƙwashe, a nisanta shi da rana, kada a shafa masa man takalmi. Koren da ke fitowa a maɓallin tagulla a ɗauke shi da tsinken sakace a hankali. Takardu kada a manne su da roba mai zafi, a sa kowace a jakar leda ta fayil, a kwance. Daminar Jos daga Afrilu zuwa Oktoba tana kawo danshi, hunturu kuma na busar da fata har ta tsage, saboda haka a sa 'yan ƙunshin silika masu shan danshi biyu ko uku a akwatin, a canza su farkon damina da ƙarshenta.

Mai lasisi da bindigar ke hannunsa bisa doka, ƙa'idarsa ita ce akwatin ƙarfe mai makulli a kafe da bango, harsashi a wani wuri daban, danshin ciki tsakanin kashi 40 zuwa 50. Bindigar ba ta kwana a kube. A shafe ƙarfen da ɗan kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, irin Renaissance Wax, shafa ɗaya siririya da ƙyallen auduga, a bari ya bushe a goge a hankali, sau ɗaya ko biyu a shekara. A duba ta duk wata uku, a sabunta lasisi kafin ya mutu, a kuma rubuta wa iyali inda takardun suke da lambar lauyan da za su kira.